Wata Guda Ba Sukari: Me Shari'a Ta Ce, Me Jiki Zai Gani?

 Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana ne a kan wani abu fari fat, wanda ba a rasa shi a gidan talaka balle gidan mai hali, watau sukari.

Duk ɗan kasuwar da ya san kasuwar Singa ta Kano ya san cewa da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, buhun sukari na cikin kayan da kan fara motsi. Attajiri zai saya don rabon azumi, ma'aikaci zai ci bashi ya saya don gida. Wannan kuwa abin a tsaya a yi tunani ne. Watan da aka ɗora mana domin mu koyi barin ci da sha, shi ne watan da mu ka mayar na shan zaƙi fiye da sauran watanni goma sha ɗaya. Da an kira Magariba sai kunu, sai zoɓo, sai lemon kwalba, bayan Asham kuma shayi. Saboda haka mu ka ga ya kamata mu yi wa kanmu tambaya tun kafin wata ya tsaya: shin mutum zai iya kwana talatin bai sa sukari a bakinsa ba? In ya yi, me zai gani a jikinsa? Kuma mene ne hukuncin yin hakan?

Baƙo ne, ba ɗan gida ba

Kalmar sukari kanta ta isa shaida cewa baƙo ne. Mun aro ta daga Larabawa, su kuma daga Farisawa, su kuma daga mutanen Indiya, inda aka fara dafa ruwan rake har ya daskare. Musulmi ne su ka yaɗa noman rake zuwa Masar da Maroko da Andalus. Daga baya Turawa su ka kai shi Brazil da tsibiran yammacin teku, su ka kwashi miliyoyin 'yan Afirka bayi domin su yi musu noman. A da can, sukari kayan sarakuna ne da masu haɗa magani.

Kakanninmu sun san zaƙi, amma zaƙinsu zuma ce da dabino da rake da mazarƙwaila. Nakiya da alkaki kayan biki ne da gara, ba na kullum ba. Fura ma da nono kaɗai a ke dama ta. Sai da aka kafa masana'antu irin na Bacita a shekarun 1960, da na Numan daga baya, aka kuma shiga shigo da ɗanyen sukari daga Brazil ana tace shi a Ikko, sa'an nan abin da ya ke na ranar salla ya koma na kowace safiya. Jikin ɗan Adam dai bai sake ba. Abin da a ke zuba masa ne ya sake.

Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da a ke ƙarawa cikin abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ya ke samu daga abincinsa a yini. Ga baligi matsakaici, wannan ya kama kimanin giram 50, watau cokalin shayi 12. Ta ƙara da cewa in an rage zuwa rabin haka, cokali 6, ya fi alheri.

To, mu ɗauki misalin ma'aikaci. Da safe ya tsaya wajen mai shayi, aka jefa masa ƙwaya huɗu ta sukarin kwali, kowace kimanin giram 5, ga giram 20 ke nan, ban da wanda ke cikin madarar gwangwani mai zaƙi da burodi. A ofis masinja ya kawo masa wani kofin, giram 20. Da rana ya kora abinci da kwalbar lemo mai rabin lita, wadda kan ɗauki kimanin giram 50 ita kaɗai. Da dare uwargida ta kawo kunu ko fura da sukari, a ce giram 20. Jimla giram 110 a yini, fiye da ninki biyu na iyakar da aka faɗa. A wata guda ya sha fiye da kilo 3. Da za a auno masa wannan a kwano a ajiye gabansa a ce ya shanye, da ya ce ana neman ransa. Amma da ya ke da kaɗan-kaɗan ya ke shiga, bai taɓa ƙidayawa ba. Ɗan kasuwar da ke zaune a rumfa tun hantsi har La'asar, duk baƙon da ya zo a aika a sayo lemo a sha tare, lissafinsa na iya wuce wannan.

Abin da jiki zai gani

Wanda ya ƙudura barin sukari ya sani cewa makon farko shi ne mai wuya. Da yawa su kan ji kasala da ɗan ciwon kai da saurin fushi, zuciya ta yi ta kai su ga abin da su ka saba a daidai lokacin da su ka saba shansa. Shayi zai zama kamar ruwan sabara, koko kuma salam. Wanda ya bar shayi ko lemo mai baƙin ruwa gaba ɗaya, wani ɓangare na ciwon kansa daga rashin sinadarin da ke wartsakarwa ne a cikinsu, ba daga rashin sukari ba. Wannan duka kan lafa cikin 'yan kwanaki.

Daga mako na biyu zuwa na uku sai harshe ya fara dawowa hayyacinsa. Mutum zai soma jin garɗin gero a kunu da zaƙin da ke cikin nono da gyaɗa da dankali, abubuwan da sukari ya daɗe da danne masa. Mangwaro ko lemon zaƙi guda sai ya ishe shi. Masu yawa kan ba da labarin cewa nauyin jiki da gyangyaɗin da kan kama su bayan Azahar ya ragu. A ƙarshen wata, in aka miƙa masa shayi irin wanda ya saba sha da, sai ya ji zaƙin ya yi masa kau, ya yi mamakin yadda ya ke shanye shi.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Sukari kashi biyu ne a haɗe. Kashi ɗaya ya kan wuce cikin jini, jiki ya fitar da sinadarin insulin domin ya shigar da shi cikin tsoka da sauran gaɓoɓi. Ɗaya kashin kuwa mafi yawansa hanta ce ke aikinsa, in ya yi mata yawa sai ta mai da shi kitse. Idan aka sha shi a ruwa, ya kan shiga da sauri, ga shi kuma ba ya ƙosarwa, mutum zai sha kwalba guda ya kuma cinye tuwonsa cif. A shekarar 2015 likitoci a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a ƙasar Amurka sun ba da sakamakon wani gwaji da su ka yi da yara 43 masu ƙiba. Sun rage musu sukari ƙwarai, su ka musanya shi da abinci mai gari, ba tare da nufin rage musu yawan abincin ba. Cikin kwana 9 kacal aka ga kitsen jininsu da awon bugun jininsu da yawan insulin sun sauka. Gwajin ƙarami ne, amma ya nuna cewa jiki ba ya jinkirin godiya in an sauƙaƙa masa.

Haƙora ma su kan huta. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki da sukari su ke rayuwa, su na fitar da wani tsami mai cin haƙori. Duk kurɓin zaƙi sabon hari ne. Mu da aka kwaɗaitar da mu yin asuwaki a kowace salla, bai kamata mu riƙa rusawa da kofi abin da mu ka gina da asuwaki ba.

Amma kada mu yi wa mai karatu alkawarin da ba zai cika ba. Wata guda ba zai narkar da tumbin shekara ashirin ba. Wanda ya bar sukari bai kuma ƙara wani abu a madadinsa ba, zai iya rage kilo ɗaya ko abin da ya yi kusa da haka. Barin sukari ba ya warkar da ciwon sukari ga wanda ya riga ya kamu, ko da ya ke ya na taimakawa. Haka kuma ba sukari kaɗai ke kawo ciwon ba. Akwai gado, da ƙiba, da yawan zama. Farar shinkafa da farin burodi su ma sukari su ke komawa a cikin jini. Wanda ya bar ƙwaya huɗu ya ƙara malmala biyu, ya gudu ne bai tsira ba.

Amfanin gaske a dogon zango ya ke. A Ingila an yi rabon sukari da awo daga 1940 saboda yaƙi, ba a sake shi ba sai Satumba 1953, da aka sake kuwa sai shansa ya kusa ninkawa. A 2024 masu bincike su ka duba lafiyar mutane wajen dubu 60 da aka haifa gab da sakin sukarin da kuma jim kaɗan bayansa. Su ka tarar waɗanda su ka yi zaman ciki da shekaru biyun farko a lokacin ƙarancin sukari, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari bayan sun manyanta ya ragu da kimanin kashi 35 cikin 100, na hawan jini kuma da kimanin kashi 20. Wannan wa'azi ne ga uban da ke shigowa gida kullum da alewa da lemo a matsayin tsaraba.

Gargaɗi

Kafin mu wuce, wajibi ne mu ja kunne a wurare uku. Na farko, mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyi kada ya sake tsarin abincinsa sai da sanin likitansa, kuma kada ya rabu da 'yar ƙwayar sukari a aljihu, domin sukarin jininsa na iya faɗuwa, ya ji rawar jiki da gumi da jiri, a nan sukari shi ne ceto. In hakan ta same shi ya na azumi, ya sha ruwa nan take ya rama daga baya. Allah Ya yi wa majinyaci rangwame a cikin Suratul Baƙara. Na biyu, yaron da ke gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari kamar yadda ma'aikatan lafiya su ka koyar, cokalin shayi 6 a shafe na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta. Wannan magani ne, ba kwaɗayi ba. Na uku, kada a ce an bar sukari a koma kwankwaɗar zuma. Allah Ya ambaci waraka a cikinta a Suratun Nahli, amma magani da awo a ke shansa, kuma mafi yawanta sukari ne. Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi. Likitoci kuma sun hana ba da ita ga jaririn da bai cika shekara ba. Mazarƙwaila ma 'yar uwar sukari ce, launi ne ya raba su.

Hukuncin Shari'a

Sukari halal ne, babu wanda ya isa ya haramta shi. Ya tabbata a cikin Buhari daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance ya na son abu mai zaƙi da zuma. Daɗin daɗawa, bisa ga ruwayar Buhari da Muslimu, farkon Suratut Tahrimi ya sauka ne a lokacin da ya hana wa kansa shan zuma domin neman yardar iyalinsa, sai Ubangiji Ya nuna masa kada ya haramta abin da aka halatta masa. A aya ta 87 ta Suratul Ma'ida an yi wa muminai duka irin wannan hani. Da wasu sahabbai su ka so tsananta wa kansu, har wani ya ce ya bar cin nama, Annabi bai yarda da su ba.

Saboda haka wanda zai bar sukari kada ya ce ya haramta wa kansa. In ma ya faɗa, Ibnu Abi Zaidin ya bayyana a cikin Risala cewa irin wannan magana ba ta lizimta masa kome a kan abinci. Kada kuma ya yi gaggawar rantsuwa da Allah, domin in ya rantse ya karya, kaffara ta hau kansa: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su ko 'yanta wuya, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Har wa yau kada ya ɗauki barin sukari wata ibada ce mai zaman kanta wadda a ke keɓe wa wata. Abin da zai yi shi ne niyyar kiyaye amanar jikinsa domin ya ji ƙarfin bauta, da niyyar horar da zuciyarsa. Da wannan niyya sai al'ada ta zama abin lada.

Hujjar yin hakan kuwa a fili ta ke. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi da ta ba mu izinin ci da sha, ita ce kuma ta hana mu wuce iyaka. Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba cewa Annabi ya siffanta ciki da mafi sharrin mazubin da ɗan Adam kan cika, ya kuma yi umurni da a kasa shi uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Sayyidina Umaru ya gargaɗi mutane game da sabo da nama, ya kwatanta kamunsa da kamun giya. Nama halal ne, Umaru ya fi mu sanin haka. Abin da ya ke tsoro shi ne mutum ya zama bawan abin da ya saba. Da ya ga yadda mu ke yi da sukari, me mu ke tsammani zai ce?

A nan ne babbar fa'idar wannan wata ta ke. Kowa ya kan ce shi ba ruwansa da sukari, in ya ga dama yau zai bari. Ba a gane gaskiyar wannan magana sai a rana ta uku, sa'ad da ya ga ƙafarsa ta kai shi teburin mai shayi ba da shawararsa ba. Sabo turken wawa. Imamu Gazali ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u a kan karya sha'awar ciki, domin a ganinsa ita ce ƙofar da sauran sha'awoyi ke shigowa ta cikinta. Wanda ya kasa ce wa zuciyarsa a'a a kan ƙwaya huɗu ta halal, yaya zai yi ranar da aka turo masa ambulan ta ƙarƙashin fayil? Wanda bai iya danne kwaɗayin harshe ba, yaya zai danne kwaɗayin tauye mudu? Zuciya kamar doki ce, a fili a ke koya mata linzami tun kafin ranar hawa.

Mu tuna kuma gidan da ya fi kowane gida daraja. Nana A'isha ta ba da labari cewa a kan yi wata biyu ba a hura wuta a ɗakunan Manzon Allah ba, sai dabino da ruwa. Anas ya ruwaito cewa ya kan yi buɗa-baki da 'yan ɗanyun dabino, in babu da busassu, in babu ya kurɓi ruwa. 'Yan ƙwayoyi ne, ba faranti ba, domin busasshen dabino ma kusan kashi biyu cikin uku nasa sukari ne. Ina wannan, ina jerin kofuna biyar da mu ke yi, har mutum ya tashi Asham da ƙyar, ya na hamma tun raka'a ta biyu?

Shawara

Wanda ya yi niyya, ya fara da abin sha, domin nan ne mafi yawan ɓarnar ta ke. Ya bar lemon kwalba da na kwali, ya sha shayinsa da citta da kanumfari ba sukari, a dama masa kunun tsamiya da fura yadda kakanninsa su ka sha. In kwaɗayi ya taso, ya ci 'ya'yan itace da ɓawonsu da tuƙarsu, ko gyaɗa, ya sha ruwa. Wanda ya ga ba zai iya yankewa lokaci guda ba, ya rage ƙwaya ɗaya kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa. Ya yi shawara da uwargida cikin lalama, kada ya mai da horon kansa ya zama ukuba ga iyali. In ya je baƙunci aka kawo masa, ya yi godiya ya nemi ruwa, ba sai ya yi wa masu gida lacca ba. Kuɗin da ya rage kuma ya tara su, ya kai wa maƙwabcin da ba shi da na gero.

Ga 'yan kasuwa, sayar da sukari halal ne, Allah Ya sa albarka. Amma ɓoye shi a sito ana jiran azumi ya kama domin farashi ya hau, wannan Annabi ya ce ba mai yin sa sai mai saɓo, kamar yadda Muslimu ya ruwaito. Masu rabon kayan azumi kuma su duba, ko buhun wake ko gero bai fi wa talaka amfani ba. Ga ma'aikata masu shirya tarurruka, ruwa mai sanyi ya isa karramawa. Gwamnatin Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma haraji ba ya shiga tsakanin mutum da kofinsa. Wannan aikin mai kofin ne.

Idan kwana talatin su ka cika, ba a ce kada a ƙara taɓawa har abada ba. A ci alkaki ranar biki, a sha zaƙi ranar salla, a gode wa Allah. Abin nema shi ne mutum ya koma ga sukari ya na mai iko da shi, mai ƙwaya huɗu ya tsaya a ɗaya, mai kwalba kullum ya koma sai jifa-jifa. In kuwa ranar talatin da ɗaya aka koma gidan jiya, to an sha wuya ne kawai, kamar mai azumin da bai samu kome ba sai yunwa da ƙishirwa. Annabi ya gaya mana cewa lafiya na cikin ni'imomi biyu da mutane da yawa ke yin hasararsu, kuma jikinmu ya na da hakki a kanmu. Za a tambaye mu a kansa.

Allah Ya ba mu ikon mallakar zukatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai mu Ramalana da rai da lafiya da imani.